Darasi na 12: Idan Kwamfuta Ta Yi Barci Ta Ƙi Farkawa

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi ana so ɗalibi ya iya:

1. bambance gyangyaɗin kwamfuta da barcinta da dogon barcinta da kashe ta;
2. gane ko matsalar ta wuta ce, ko ta allo, ko ta cikin kwamfutar;
3. bin matakan ta da ita ɗaya bayan ɗaya ba tare da ya yi asarar aikinsa ba;
4. gyara saiti don kada abin ya maimaitu;
5. sanin lokacin da ya dace a kai ta wurin mai gyara.

Shimfiɗa

Wata hajiya a ajin yamma ita ce ma'ajin adashin matan unguwarsu. Ran nan tana shigar da sunayen 'yan adashi da abin da kowacce ta zuba a kwamfutar tebur ta aji. Ta kai kusan rabi aka kira la'asar, ta miƙe ta tafi alwala. Da ta idar ta dawo, sai ta tarar da allo baƙi ƙirin. Ta jijjiga linzami, shiru. Ta daddanna madannai, shiru. Har ta sunkuya za ta zare fulogi daga soket, sai malami ya hango ta.

"Hajiya, dakata! Me ya faru?"

"Malam, ai ta mutu. Zan cire ne in sake jonawa, yadda muke yi wa talabijin."

"A'a, Hajiya, ba a yi wa mai rai makoki. Kin ga 'yar fitilar nan da ke ƙiftawa?"

"Na gani, Malam."

"To numfashinta ke nan, barci take yi. Kin adana aikinki kafin ki tashi?"

"Wallahi ban adana ba."

"To da kin zare fulogin nan, wataƙila da yau sai kin koma kan suna na farko."

Malam ya taɓa maɓallin kunnawa sau ɗaya ya ɗauke hannu. Suka ɗan jira. Fanka ta fara juyi, allo ya haska, ga sunayen nan yadda ta bar su.

Abin da ya ceci aikin Hajiya shi ne an duba kafin a taɓa. A kan wannan aka gina darasinmu na yau: a fara da mataki mai sauƙi wanda ba ya ɓata komai, a bar mai tsanani sai ƙarshe. Misalanmu na kwamfuta mai Windows 10 ko Windows 11 ne, domin su suka fi yawa a ajujuwa da ofisoshi da shagunan buga takardu. Rubutun da za ku gani a allo da Turanci yake, don haka mun kawo shi yadda yake.

Sababbin kalmomi

- Ram: ƙwaƙwalwar wucin gadi, inda kwamfuta ke riƙe abin da ake aiki a kai yanzu. Da zarar wuta ta yanke mata, ta manta komai.
- Rumbu: ma'ajiyar dindindin, wadda masu gyara ke kira had-disk ko SSD. Abin da aka adana a nan yana nan ko babu wuta.
- Direba: ƙaramar manhaja mai yin tafinta tsakanin Windows da wani sashe na kwamfuta, kamar allo ko linzami.
- Maɓallin kunnawa: mai alamar da'ira da ɗan layi a tsaye a samanta.
- Kibod: allon madannai da ake rubutu da shi.
- Monita: allon kwamfutar tebur, mai kama da talabijin.

1. Hutun kwamfuta iri huɗu ne

Ku ɗauki kwamfuta kamar ɗan tebur a kasuwa. Teburin da ya kasa kaya a kai shi ne ram. Akwatin ƙarfen da yake kulle kayan a ciki shi ne rumbu.

*Gyangyaɗi.* Ɗan tebur yana zaune gaban kayansa, ya dai lumshe ido. Haka kwamfuta take idan allo kaɗai ya mutu: komai na aiki a ciki, ana taɓa ta take haskawa.

*Barci.* Ya bar kaya a kashe a kan tebur, ya lulluɓe su da zane, ya tafi masallaci. Yana dawowa ya yaye zanen, ciniki ya ci gaba. Amma idan ruwa ya sauko ba ya nan, kaya sun jiƙe. Wannan shi ne Sleep. Kwamfuta ta kashe allo da fanka, ta bar wa ram 'yar wutar da za ta riƙe aikinku. Tana farkawa cikin daƙiƙoƙi kaɗan, amma idan wutar nan ta yanke, abin da ba a adana ba yana iya salwanta.

*Dogon barci.* Ya kwashe kayan cikin akwati yadda suke a jere, ya kulle. Gobe zai ɗan ɓata lokaci wajen fito da su, amma ruwa bai dame shi ba. Wannan shi ne Hibernate. Kwamfuta ta kwafe duk abin da ke ram zuwa rumbu, sannan ta mutu gaba ɗaya. Ba fitila, ba ƙara. Linzami da kibod ba su cika ta da ita daga wannan hali ba, sai maɓallin kunnawa.

*Kashewa.* Kasuwa ta tashi, an rufe komai. Wannan shi ne Shut down.

Tsarin nan ya samo asali daga wata ƙa'ida mai suna ACPI, wadda kamfanonin Intel da Microsoft da Toshiba suka fitar a 1996. A cikinta an ba kowane hali lamba: S0 aiki, S3 barci, S4 dogon barci, S5 kashewa. Idan kun ji mai gyara yana ambaton waɗannan lambobi, abin da yake nufi ke nan.

Akwai kuma wani sabon salo da ya fara da Windows 8 a 2012, wanda a Windows 10 aka raɗa masa suna Modern Standby. Mu ce masa barcin zomo, ido biyu. Yawancin sababbin kwamfutocin tafi-da-gidanka haka suke yi, kamar wayar hannu: allo a kashe, amma tana ɗan aiki a ɓoye. Shi ya sa wani zai sa ta a jaka da dare, da safe ya tarar ta yi zafi, batir ya ƙare, ya ce ta ƙi farkawa.

2. Me ke hana ta farkawa?

Farkawar kwamfuta kamar tashin gida ce da asuba. Ladan ya kira, maigida ya ji ya ta da uwargida, ita kuma ta ta da yara. In maigida bai ji ba, gida duka ya makara. In ya ji, uwargida ta tashi, amma yaro ɗaya ya ƙi motsi, to shi kaɗai ne matsalar.

Haka nan: kun danna madanni, saƙo ya isa cikin kwamfuta, wuta ta koma sassanta, Windows ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta hannun direbobinsu, daga ƙarshe allo ya haska. Duk inda zaren ya tsinke, abin da za ku gani ɗaya ne, wato baƙin allo. Aikinku shi ne gano inda ya tsinke. Wurare huɗu ne aka fi samu:

- kiran bai isa ba: linzami ko kibod ba su da izinin ta da ita, ko batirinsu ya ƙare;
- babu wuta: batir ya ƙare, ko an ɗauke wuta tana barci;
- ta farka amma allo bai farka ba;
- ta sandare a tsakiyar farkawa, galibi saboda direba.

3. Matakai bakwai

Ku bi su a jere. Duk inda ta farka, ku tsaya nan.

Mataki na 1: Ido da kunne kafin hannu. Ku nemi 'yar fitilar da ke kan maɓallin kunnawa ko a gefen kwamfutar, ku kuma kasa kunne.

- Fitila na ƙiftawa a hankali, fanka shiru: barci take yi. Ku je mataki na 2.
- Ba fitila, ba ƙara: ko tana dogon barci, ko babu wuta. Ku taɓa maɓallin kunnawa sau ɗaya. In shiru, ku je mataki na 3.
- Fitila a kunne ba ta ƙiftawa, fanka na juyi, allo baƙi: a farke take. Ku danna madannin Caps Lock ku dubi 'yar fitilarsa. In tana kamawa tana mutuwa yadda kuke dannawa, kwamfutar tana ji, allo ne matsala, sai mataki na 4. In fitilar ba ta motsa ba, mai yiwuwa kwamfutar ta sandare.

Mataki na 2: Ku yi mata sallama. Ku danna madanni guda, ko wanne ne, sau ɗaya, ko ku danna linzami, domin jijjigawa kaɗai ba ta isar wa wasu kwamfutoci. Ku ƙirga talatin. Tsohuwar kwamfuta tana da nauyin barci. In shiru, ku taɓa maɓallin kunnawa sau ɗaya ku saki nan take.

A nan mutane da yawa ke ɓata lamari. A kwamfutoci da dama an saita maɓallin nan ne ya sa ta barci idan tana farke. Wanda ya danna ya ga shiru ya sake dannawa, shi da hannunsa ya mayar da ita barci tana cikin farkawa. Dannawa ɗaya, sai jira.

In ta tafi-da-gidanka ce, ku rufe murfin, ku ƙirga goma, ku buɗe. In linzaminku marar waya ne, ku duba makunnin da ke ƙarƙashinsa da batirinsa. Linzami ko kibod mai amfani da Bluetooth ba koyaushe yake iya ta da kwamfuta ba, don haka ku gwada madannan jikinta.

Mataki na 3: Ku bi sawun wuta. Ku fara daga bango: akwai wuta a gidan? Soket ɗin yana aiki? Ku gwada shi da cajar waya. Ku bi wayar har inda ta shiga kwamfuta, ku tabbatar kowace mahaɗa ta zauna daram, musamman inda waya ke shiga tubalin caja, domin nan ta fi saurin sakwarkwacewa. In fitilar caji ta kama, ku ba ta kamar rabin awa kafin ku kunna. Batirin da ya ƙare ƙarƙaf ba ya tashi da zarar an jona shi.

A kwamfutar tebur, ku duba makunnin da ke bayan akwatinta in tana da shi, da sitabilaiza ko UPS (na'urar da ke riƙe mata wuta idan an ɗauke) da aka jona ta a kai.

Mataki na 4: Ku bi ta kan allo.

- A kwamfutar tebur, monita tana da nata maɓalli da tata fitila. In fitilar ta koma ruwan lemo, ko aka rubuta No Signal, saƙo ba ya isowa. Ku kashe monitar ku kunna. Ku zare wayar hoto, ko HDMI ce ko VGA, ku sake sokawa a ɓangarorin biyu. Ku tabbatar monita tana kan ƙofar da kuka soka wayar, kamar yadda ake zaɓa a talabijin.
- A ta tafi-da-gidanka, ku danna madannin ƙara haske mai alamar rana. Wani lokaci sai an haɗa shi da Fn.
- Ku danna madannai huɗu tare: mai tambarin Windows, da Ctrl, da Shift, da B. Wannan yana farfaɗo da direban hoto. In Windows na raye za ku ji ɗan ƙara, allo ya yi ƙifce. Ba ya taɓa aikinku.
- Ku gwada Ctrl da Alt da Delete tare.
- In kwanan nan an jona ta da majigi ko talabijin, ƙila har yanzu can take aika hoto. Ku danna madannin Windows da P, ku sake danna P, sannan Enter. Ku maimaita har sau huɗu, kuna ɗan jira a tsakani.
- Ku haska allon da tocilan ta gefe, ku duba da kyau. In kun hango hoto dishi-dishi, fitilar cikin allon ce ta mutu. Kwamfutar lafiya lau take, kuma za ku iya jona ta da talabijin ku adana aikinku.
- Ku kawar da duk abu mai maganaɗisu daga kanta, kamar sifika ko jakar waya mai mannewa. Yawancin kwamfutocin tafi-da-gidanka da maganaɗisu suke gane an rufe murfi, don haka wani maganaɗisun yana iya ruɗa su.

Mataki na 5: Ku sauke mata kaya. Firinta, modem, makarancin kati, duk abin da aka soka mata ban da linzami da kibod, ku cire su ɗaya bayan ɗaya, kuna gwada ta da ita bayan kowanne. Wanda kuka cire ta farka, shi ne mai laifi. In takardar da kuke aiki a kai tana cikin filashi ne, ku bar filashin sai ƙarshe.

Mataki na 6: Kashewar dole. Sai duk na sama sun ci tura. Kafin nan ku tuna: kwamfutar ta nuna tana sabunta kanta kafin ku tashi? In haka ne ku ƙara mata lokaci, domin kashe ta a tsakiyar sabuntawa yana iya jawo matsalar da ta fi wannan. In ba haka ba, ku danne maɓallin kunnawa kamar daƙiƙa 10, har fitila ta mutu, fanka ta tsaya. Ku jira kaɗan, ku kunna.

Wannan mataki yana da farashi: abin da ke ram ya tafi. Sai dai kada ku fid da rai. Manhajar Word, in ba a sauya saitinta ba, tana ajiye kwafin gaggawa duk minti 10. Idan kun buɗe ta, ku duba gefen hagu, inda aka rubuta Document Recovery, ku buɗe kwafin ku adana nan take.

Mataki na 7: Ku tsiyaye ragowar wuta. In bayan kashewar dole ma ta ƙi kamawa, ku cire caja. In batirin mai cirewa ne ta waje, ku cire shi. Ku danne maɓallin kunnawa daƙiƙa 30, sannan ku mayar da komai ku kunna. A ta tebur, ku zare wayar wuta ku yi haka. In batirin a cikin kwamfutar yake, kada ku kwance ta, ku yi dannewar kawai.

4. Ta farka: yanzu sai maganin tushe

In sau ɗaya abin ya faru, ba sai an tsananta ba. In yana maimaituwa, ga abin yi. Doka ɗaya ce: ku sauya abu ɗaya, ku sa ta barci, ku ta da ita ku gani. Wanda ya sha magani biyar lokaci guda, ko ya warke bai san wanne ya yi masa aiki ba.

*(a) Ku ba linzami da kibod izini.* Ku danna madannin Windows da X, ku zaɓi Device Manager. Ku buɗe Keyboards, ku danna sunan kibod ɗinku sau biyu, ku shiga Power Management, ku sa alama a kan Allow this device to wake the computer. Ku yi haka ga linzami a ƙarƙashin Mice and other pointing devices. Wannan shi ya hana linzamin Hajiya aiki. A wasu kwamfutoci ba za ku ga wannan shafi ba, sai ku wuce.

*(b) Ku duba direban hoto.* Sau da yawa shi ne yaron da ya ƙi tashi. A cikin Device Manager ku buɗe Display adapters, za ku ga suna kamar Intel ko AMD ko NVIDIA. Ku danna shi sau biyu ku shiga Driver. In matsalar ta fara ne bayan wata sabuntawa, ku zaɓi Roll Back Driver, ya koma na da. In ta daɗe, ku zaɓi Update Driver, ku kuma bar Windows Update ta kammala aikinta. Ku sani Microsoft ta rufe tallafinta na yau da kullum ga Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025. Mai irin wannan kwamfuta ya nemi direba a shafin kamfanin da ya ƙera ta, kamar HP ko Dell ko Lenovo, kada ya ɗauko daga shafin da bai sani ba.

*(c) Ku riƙa yin Restart.* Tun daga Windows 8 akwai wani tsari na saurin kunnawa, wanda ke sa Shut down ba komai yake sharewa ba: yana ajiye halin da direbobi suke ciki don gobe. Ke nan direban da ya rikice yau, gobe a rikice zai tashi. Restart shi ke wanke komai tas. Ku yi shi ko da sau ɗaya a mako. In kuna so ku kashe tsarin, ku shiga Control Panel, sai Power Options, sai Choose what the power buttons do, sai Change settings that are currently unavailable, ku cire alamar da ke kan Turn on fast startup.

*(d) Ku zaɓa mata irin hutun da ya dace.* A wannan shafin dai za ku iya sa alama a kan Hibernate don ya fito cikin jerin kashewa, ku kuma zaɓi abin da zai faru in an rufe murfi. Don sauya mintunan da za ta yi kafin ta yi barci, ku shiga Settings, sai System, sai sashen da sunansa ya fara da Power.

*(e) Ku tambaye ta da kanta.* Ku nemi Command Prompt ta wurin bincike ku buɗe. Ku rubuta powercfg /a ku danna Enter, za ta lissafo irin barcin da take iya yi. In kun ga S0 Low Power Idle a cikin jerin waɗanda take iya yi, ba na waɗanda ba ta iya ba, mai barcin zomo ce. Ku rubuta powercfg /batteryreport, za ta haɗa rahoton batir ta gaya muku inda ta ajiye shi. A ciki ku gwama Design Capacity, wato ƙarfinsa yana sabo, da Full Charge Capacity, wato abin da yake iya ɗauka yanzu. In na biyun ya yi ƙasa sosai, batir ya tsufa. Duk mai sayen kwamfuta ta hannu ya kamata ya duba wannan tun a gaban mai shago.

5. Wuta, ƙura da zafi

Waɗanda suka tsara barcin kwamfuta sun ɗauka wuta tsayayya ce. Inda ake ɗauke wuta ba sallama, ko ake sauyawa daga layi zuwa janareto, lissafin ya canza. Kwamfutar tebur ba ta da batir. In tana barci aka ɗauke wuta, ruwa ya sauko wa ɗan tebur. Haka ma ta tafi-da-gidanka mai mataccen batir. Mai irin waɗannan ya lizimci dogon barci, ko ya nemi UPS. Windows tana da wani tsari mai suna Hybrid sleep da ke ajiye kwafin aiki a rumbu ko da barci aka yi, amma ba kowace kwamfuta ke da shi ba, saboda haka kada a dogara da shi.

Da hunturu, ƙura na toshe ƙofofin iska. Da bazara, a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri da Yamai zafi yakan haura digiri 40. Kwamfutar da ta yi zafi fiye da kima tana kashe kanta don ta tsira. Kada a ɗora ta a kan katifa ko filo ko darduma mai laushi, domin suna toshe mata numfashi. A lulluɓe ta in an kashe, ba tana aiki ba. Kafin a sa ta a jaka a hau babur ko mota, a kashe ta ko a sa ta dogon barci, a kuma jira fitilarta ta mutu.

6. Yaushe za a kai wa mai gyara?

- Batir ya kumbura har jikin kwamfuta ya ɗaga. Ku daina caji, kada ku matsa shi, kada ku huda shi, yana iya kamawa da wuta.
- Kun ji ƙauri ko kun ga hayaƙi. Ku zare fulogi nan take. A nan kam ba a jira.
- Tana ƙara ɗiɗ-ɗiɗ ko fitila na ƙiftawa da wani tsari mai maimaituwa wanda ba irin na barci ba. Ku ƙirga ku rubuta, domin saƙo ne da mai gyara zai karanta.
- Gwajin tocilan ya nuna hoto dishi-dishi.
- Kun bi matakai bakwai ɗin ba ko fitila.
- An ce sai an sabunta BIOS, wato manhajar da ke tashi tun kafin Windows. In wuta ta yanke a tsakiyar wannan aiki kwamfutar tana iya ƙin kamawa kwata-kwata, don haka a bar wa gwani.

In tana kamawa, ku kwafe muhimman takardunku zuwa filashi kafin ku kai ta. Ku kuma je da bayani. Wanda ya ce "ta mutu" ya bar wa mai gyara lalube. Wanda ya ce "in ta yi barci fanka na juyi, Caps Lock na amsawa, allo ne ba ya haskawa" ya rage masa rabin aiki, ya kuma rage wa kansa kuɗi.

Aiki a aji

1. Ku kasu biyu-biyu. Ɗaya ya juya baya, ɗayan ya sa kwamfuta barci, ko ya kashe monita kaɗai, ko ya kashe ta gaba ɗaya. Na farkon ya faɗi halin da take ciki ba tare da ya taɓa ta ba.
2. Kowa ya buga layi uku a Word, ya adana da Ctrl da S, ya sa ta barci, ya ta da ita.
3. Kowa ya gwada haɗa Windows da Ctrl da Shift da B, ya faɗi abin da ya ji da abin da ya gani.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin barci da dogon barci? Yi bayani da misalin ɗan tebur.
2. Me ya sa ba a so a yi ta danna maɓallin kunnawa a kai a kai?
3. Fanka na juyi, allo baƙi, Caps Lock na amsawa. Ina matsalar take?
4. Me ake asara idan aka yi kashewar dole?
5. Cike gurbi: Abin da ke cikin ______ yana ɓacewa idan wuta ta yanke, amma abin da ke cikin ______ yana nan.
6. Kawo dalilai uku da za su sa a kai kwamfuta wurin mai gyara.

Aikin gida

Ku rubuta matakai bakwai ɗin a kati da kalmominku, kowane mataki layi ɗaya. Ku zo da shi mako mai zuwa, bayan an duba ku manna shi kusa da kwamfutar da kuke aiki da ita.

Abin riƙewa

Duk wahalar darasin nan ta wanda bai adana aikinsa ba ce. Wanda ya adana, ko da sai an kai ga kashewar dole, mintuna kaɗan ya yi asara. Rigakafi ya fi magani. Saboda haka, 'yan'uwa ɗalibai, ko kiran salla kuka ji, ko baƙo ya yi sallama, ko yaro ya yi kuka, ku danna Ctrl da S kafin ku miƙe. In kun dawo kun tarar da baƙin allo, ku fara neman 'yar fitilar nan kafin hannunku ya kai soket.